Kalaman ƙiyayya a intanet: Ina doka ta tsaya, ina aikin ɗan jarida ya fara?

A watan Mayun 2025 gwamnatin Jihar Kano ta sanar da dakatar da shirye-shiryen siyasa na kai-tsaye a gidajen rediyo da talabijin, tare da sharaɗin cewa duk wanda za a yi hira da shi sai ya sa hannu a takardar alkawarin ba zai yi zagi ko ɓatanci ba. Gwamnati ta ce matsaya ce da aka cimma tare da shugabannin kafafen yaɗa labarai domin a tsaftace harshen siyasa, ƙungiyoyin kare 'yancin 'yan jarida kuwa suka ce hanya ce ta toshe bakin 'yan adawa. A muhawarar da ta biyo baya kowane ɓangare ya riƙa ambaton kalaman ƙiyayya, amma da wuya a ce abu ɗaya suke nufi. Sannan yawancin sojojin bakan da ake ƙorafi a kansu suna da shafukansu na Facebook da TikTok, inda babu mai gabatarwa da zai katse su, babu kuma takardar da za su sa wa hannu. Wannan ya sa tambayar ta wuce batun rediyo: wace magana ce ta cancanci a hana, wa ke da ikon hanawa, kuma me ya rage a wuyan ɗan jarida?

Abubuwa huɗu da ake kira da suna ɗaya

Mafi yawan ruɗanin ya samo asali ne daga haɗa abubuwa mabambanta a ƙarƙashin suna guda. Akwai suka, wato mutum ya ce gwamna ya gaza ko minista ya yi facaka da dukiyar jama'a. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya wannan dama, sashe na 22 kuma ya ɗora wa 'yan jarida nauyin bin diddigin gwamnati a madadin jama'a. Suka tana iya yin zafi, tana ma iya zama da son zuciya, amma zafinta bai mayar da ita laifi ba. Akwai zagi da cin mutunci, wanda rashin tarbiyya ne a idon jama'a ko da bai kai ga kotu ba. Akwai ɓata suna, wato a jingina wa wani mutum takamaimai abin da ba gaskiya ba wanda zai zubar masa da mutunci, kuma wannan da ma yana da hanyarsa a kotu tun kafin zuwan intanet.

Na huɗun shi ne kalaman ƙiyayya, kuma abin da ya raba shi da sauran shi ne wanda aka nufa da dalilin nufinsa. A tsarin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2019, ana nufin magana ko rubutu ko hoton da ke kai hari ko ƙasƙantar da mutane saboda addininsu, ƙabilarsu, ƙasarsu, launin fatarsu, asalinsu ko jinsinsu. Wanda ya ce wani shugaban ƙaramar hukuma ɓarawo ne, ko dai ya faɗi gaskiya ko ya ɓata masa suna. Wanda ya ce duk 'yan ƙabilar shugaban ɓarayi ne a jininsu, kuma ya kamata a kore su daga gari, ya shiga wani fage dabam, domin ya ɗora laifi a kan dubban mutanen da ba su san hawa ba balle sauka. Labarin ƙarya kuwa abu ne mai zaman kansa, sai dai sau da yawa shi ne abin hawan da ƙiyayya ke amfani da shi.

Ko a cikin kalaman ƙiyayyar ma, ba duka dokar ƙasa da ƙasa ta ce a hukunta ba. Yarjejeniyar 'yancin jama'a da siyasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966, wadda Najeriya ta shiga a 1993, ta kare faɗin albarkacin baki a sashe na 19, sannan a sashe na 20 ta wajabta wa ƙasashe su haramta yaɗa ƙiyayyar ƙasa, launin fata ko addini idan ta kai matsayin tunzura mutane su nuna wariya, gaba ko tashin hankali. Domin gane lokacin da magana ta kai wannan matsayi, masana suka fitar da ma'auni shida a birnin Rabat na Maroko a 2012: yanayin da aka yi maganar a cikinsa, matsayin mai maganar, niyyarsa, abin da maganar ta ƙunsa da salonta, nisan da ta yi, da kuma yiwuwar ta haifar da ɓarna. Da wannan ma'auni, furucin da matashi ya yi a majalisar abokansa ba ɗaya yake da irinsa ba idan ya fito daga bakin malami ko ɗan takara mai dubban mabiya, kwana biyu bayan an kai hari a wani ƙauye.

Dalilin da ya sa fargabar take da tushe

Masu neman a tsaurara doka sukan fara da Ruwanda, inda gidan rediyon RTLM da mujallar Kangura suka daɗe suna kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai kafin kisan kiyashin 1994, kuma a 2003 kotun ƙasa da ƙasa da ke Arusha ta samu Ferdinand Nahimana da Hassan Ngeze da Jean-Bosco Barayagwiza da laifi saboda rawar da kafafen suka taka. Amma ba sai an je da nisa ba. A watan Nuwamban 2002 wani rubutu a jaridar ThisDay kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, wanda ya ambaci Annabi (SAW) ta hanyar da Musulmi suka ɗauka ɓatanci ne, ya zama sanadin rikicin da ya ci rayuka sama da 200 a Kaduna. Jaridar ta nemi afuwa, amma a lokacin aikin gama ya gama. Sakacin edita bai wanke waɗanda suka ɗauki makami ba, sai dai har yau lamarin yana cikin misalan da ake kawowa idan ana maganar nauyin wanda ke duba rubutu kafin a buga.

Abin da ya faru a Filato a watan Yunin 2018 ya fi kusa da zamanin da ake ciki. Bayan hare-haren da aka kai a ƙauyukan Barikin Ladi, hotuna masu tayar da hankali suka bazu a Facebook ana cewa aikin Fulani ne a kan 'yan ƙabilar Berom. Binciken da BBC ta wallafa a watan Nuwamban shekarar ya gano cewa wasu hotunan ba su da alaƙa da harin, ɗaya daga cikin bidiyon ma an ɗauke shi ne a Kongo-Brazzaville tun 2012. Ranar 24 ga Yuni matasa suka tare hanya suka kashe mutum 11 da suka fito da su daga motoci, kuma 'yan sandan jihar sun shaida wa masu binciken cewa hotunan sun taimaka wajen rura wutar ramuwar gayya. An kashe mutane da gaske a harin farko, wannan ba ƙarya ba ne. Ƙaryar tana cikin hotunan da aka jingina masa, kuma irin wannan cakuɗa gaskiya da ƙarya ita ce ta fi wuyar warwarewa cikin sa'o'in da ake da su.

Abin da dokokin suka ce, da waɗanda suka fi kamawa

Najeriya ba ta rasa dokoki a kan wannan batu ba. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda ake kira Final Kod, ya daɗe da tanadar hukunci ga mai cusa ƙiyayya tsakanin rukunonin jama'a ta yadda zaman lafiya zai shiga haɗari. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana yaƙin neman zaɓe da kalaman da za su taɓa addini ko ƙabila. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 tana da sashe na 26, wanda ya shafi barazana da cin zarafi saboda ƙabila, addini ko asali, da hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ko tarar naira miliyan 10.

Sai dai sashen da ya yi suna shi ne na 24, wanda a asalinsa ya haramta tura saƙon da zai ɓata wa wani rai, ya muzanta shi ko ya jefa shi cikin damuwa, da hukuncin ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7. Faɗin waɗannan kalmomi ya sa kusan kowace suka tana iya shiga ciki. Kwamitin kare 'yan jarida na CPJ ya ƙirga aƙalla 'yan jarida 25 da aka tuhuma da dokar kafin a yi mata gyara, kuma kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020, ta sake a 2022, cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. A watan Fabrairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a gyaran da ya taƙaita sashen ga hotunan batsa da kuma saƙon da mutum ya san ƙarya ne ya tura domin haddasa karya doka da oda ko jefa rai cikin haɗari. Duk da haka, a watan Mayun shekarar aka tsare ɗan jarida Daniel Ojukwu na kafar FIJ da sunan wannan doka, kan rahoton da ya shafi kuɗin gwamnati.

Wannan tarihi ne ya sa duk wani sabon ƙudiri yake cin karo da zargi. A watan Nuwamban 2019 Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya sake gabatar da ƙudirin kafa hukumar hana kalaman ƙiyayya, mai ɗauke da hukuncin kisa ta hanyar rataya idan furucin ya yi sanadin mutuwa, yayin da Sanata Muhammad Sani Musa ya kawo na daƙile ƙarya a intanet. Babu wanda ya zama doka. A 2020 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5, ta kuma ci tarar gidan rediyon Nigeria Info kan hirarsa da Dokta Obadiah Mailafia, tsohon mataimakin gwamnan Babban Bankin Najeriya, amma a watan Mayun 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ce hukumar ba kotu ba ce, don haka ba ta da hurumin cin tara. Dakatar da Twitter da gwamnatin tarayya ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya biyo bayan goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari ne, kuma kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa wa doka. Tsofaffin 'yan jarida kuwa ba su manta da Doka ta 4 ta mulkin soja ta 1984 ba, wadda aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian da ita.

Hujjar masu goyon bayan doka tana da nauyinta: sashe na 45 na Kundin Tsarin Mulki ya yarda a taƙaita 'yanci domin tsaro da zaman lafiya, ƙasashe irin su Jamus sun tilasta wa kamfanonin sada zumunta cire haramtattun kalamai cikin sa'a 24 a dokar da aka yi a 2017, kuma ƙasar da ke da tarihin rikicin addini da ƙabila ba za ta iya kwaikwayon Amurka ba, inda kotu ba ta hukunta magana sai idan tana shirin haifar da ɓarna nan take. Masu adawa kuma suna nuni da jerin waɗanda aka kama: galibinsu waɗanda suka taɓa mai mulki ne ko iyalinsa, kamar ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka tsare a 2022 kan saƙon Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa, kafin a janye ƙarar. Idan aka ɗora shari'o'in da suka yi fice a kan ma'aunin Rabat, za a ga mafi yawansu batun suka ne ko ɓata suna, yayin da kiraye-kirayen a far wa wata ƙabila ko mabiya wata aƙida suka fi wucewa ba tare da an gurfanar da kowa ba.

Nauyin da ke kan teburin edita

Tun da shari'a tana ɗaukar watanni, saƙo kuwa yana zaga gari cikin mintuna, mafi yawan hukuncin da ke da tasiri ana yanke shi ne a ɗakin labarai. Ƙa'idojin aikin jarida na Najeriya, waɗanda ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ da ta editoci da ta masu gidajen jaridu suka amince da su a Ilorin a 1998, sun hana ambaton ƙabilar mutum, addininsa, jinsinsa ko nakasarsa ta hanyar ƙasƙanci, sun hana gabatar da tashin hankali ta yadda zai zama abin burgewa, sun kuma hana karɓar na goro domin a buga labari ko a danne shi. An rubuta su kafin a san Facebook, amma matsalolin da suka hango su ne dai ake fama da su.

Tambaya mafi wuya ita ce abin da za a yi idan babban mutum ne ya furta kalaman. Lokacin da gamayyar wasu ƙungiyoyin matasan Arewa ta ba 'yan ƙabilar Ibo wa'adin barin yankin a Kaduna ranar 6 ga Yunin 2017, babu editan da zai iya kawar da kai, domin labari ne da ya shafi rayuwar miliyoyin mutane, kuma ɓoye shi zai bar fagen ga jita-jita. Wasu 'yan jarida suna ganin aikinsu shi ne su kawo maganar yadda aka faɗe ta, jama'a su yi alƙalanci. Wasu kuma suna ganin duk wanda ya maimaita furucin ya ara wa mai shi lasifika. Hanyar da ƙwararru suka fi bi tana tsakani: a faɗi cewa an yi maganar da wanda ya yi ta, a taƙaita ta da kalmomin ɗan jarida idan lafazinta na tunzuri ne, a kawo martanin hukuma da na waɗanda aka nufa a cikin labari guda, a kuma binciki iƙirarin da aka gina ta a kai. Abin da ya fi ɓarna shi ne a yanko daƙiƙa talatin mafi zafi daga jawabin sa'a guda a ɗora a shafi ba tare da bayani ba, domin wannan guntun shi zai yi yawo, cikakken rahoton kuwa ya tsaya inda aka ajiye shi.

Kanun labari ma haka yake. Mutane da yawa a kanu suke tsayawa, su tura wa wasu ba tare da sun buɗe ba. Idan kanun ya ce Fulani sun kai hari, ko Ibo sun yi kaza, ko 'yan wata ɗariƙa sun yi kaza, alhali ba a kama kowa ba balle a tabbatar, an riga an yanke wa al'umma guda hukunci. Ma'aunin da editoci ke amfani da shi mai sauƙi ne: shin ƙabilar ko addinin wanda ake zargi yana da alaƙa da abin da ya faru, kuma wa ya tabbatar? Wannan ba ya nufin a ɓoye gaskiya idan rikicin na ƙabilanci ne, domin share ta ma rashin adalci ne ga waɗanda aka kashe saboda asalinsu, kamar mafarauta 16 'yan Arewa da aka hallaka a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025. A irin wannan hali ana faɗin su wane ne aka kashe da dalilin da ya sa aka zarge su, amma ba a mayar da laifin wasu gungu na dukkan mutanen jihar ba, ba a kuma ɗora bidiyon kisan domin neman masu kallo.

Sai kuma wurin da aka fi sakaci da shi, wato sharhin masu karatu a ƙarƙashin labari. Kafa tana iya rubuta rahoto mai tsafta, amma a ƙasansa a tara ɗaruruwan zage-zage na addini da ƙabila a shafin da ke ɗauke da sunanta. A 2015 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta amince da hukuncin da aka yi wa kafar Delfi ta ƙasar Estoniya saboda kalaman ƙiyayyar da masu karatu suka rubuta a shafinta. Kafar da ba ta da ma'aikacin da zai zauna yana tacewa tana da zaɓin rufe sharhi a kan labarai masu haɗari, sai dai hakan yana rage zirga-zirga a shafi, zirga-zirgar kuma ita ce kuɗin talla. A nan ne ɗa'a take karo da aljihu, kamar yadda take karo da shi a gidajen rediyon da ke rayuwa da sayar wa 'yan siyasa fili, ko inda wakili ke shafe watanni ba albashi yana dogaro da kuɗin motar da ake ba shi a wurin taro. Wanda ya sayi fili yakan ɗauka ya sayi damar faɗin abin da ya ga dama, alhali a ƙa'idar NBC gidan ne ke da alhakin duk abin da ya fita ta tasharsa.

Kamfanonin da ke riƙe da dandalin

Tsarin Facebook da TikTok da X yana fifita abin da mutane suka fi taɓawa, kuma fushi yana jawo martani fiye da bayani mai sanyi. Facebook da kansa ya amsa a 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana amfani da shi a tunzura jama'a a Myanmar. Ga Hausa matsalar ta ninku, domin na'urorin tacewa sun fi ƙwarewa a Turanci, ƙiyayya a Hausa kuwa takan zo ne cikin habaici da zambo da laƙabin da sai ɗan gari zai gane wanda ake nufi, ko cikin saƙon murya a WhatsApp, wanda kamfanin kansa ba ya iya saurara saboda a kulle yake. Taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, wanda WhatsApp ya fara a duniya baki ɗaya a 2019, ya rage gudu amma bai hana ba. Cibiyar CITAD da ke Kano ta daɗe tana bibiyar irin waɗannan kalamai, kafar Dubawa kuma tana tantance labarai tun 2018, amma a watan Janairun 2025 kamfanin Meta, mamallakin Facebook da WhatsApp, ya sanar da daina aiki da masu tantance labarai masu zaman kansu a Amurka, abin da ya jefa shakku kan makomar irin wannan haɗin gwiwa a sauran ƙasashe.

Abin da wannan ke nufi ga mai riƙe da waya

Wanda ya fi ɗanɗana kuɗar kalaman ƙiyayya ba shi ne mai rubuta su ba. Direban da ya ɗauko shanu ko albasa zuwa Kudu, ɗan kasuwar Sabon Gari, ɗalibar da ke karatu nesa da gida, su ne ke kan hanya ranar da wani hoto ya bazu. A ɗaya gefen, doka mai faɗin lafazi ta fi saurin kama wanda ba shi da lauya, kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015 tana magana ne a kan wanda ya tura saƙo ko ya sa aka tura, don haka cewa "turo mini aka yi" ba lallai ya zama kariya ba. A Jamhuriyar Nijar, inda aka cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet a 2022, gwamnatin soja ta dawo da shi a watan Yunin 2024, wanda ke nufin Bahaushen Maraɗi da na Katsina suna iya zama a zauren WhatsApp guda amma hukuncin da ke jiran kowannensu ya bambanta.

Ga wanda wata jarida ta zalunta a Najeriya, akwai hukumar karɓar ƙorafi da ƙungiyoyin 'yan jarida suka kafa da kansu a 2023 ƙarƙashin jagorancin Emeka Izeze, wadda manufarta ita ce a warware ƙorafi ba tare da an kai ga 'yan sanda ba. Ikonta ya tsaya ne a kan kafafen da suka yarda su bi hukuncinta. Mai shafin da ke watsa shiri kai-tsaye daga ɗakinsa, wanda mabiyansa kan zarce masu sayen jarida yawa, ba mamban NUJ ba ne, ba shi da lasisin NBC da za a iya janyewa, kuma babu editan da ke duba maganarsa kafin ta fita. Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, a hannun irin waɗannan ne kaso mai yawa na farfagandar jam'iyyu zai bi, kuma matakin da ya rage a kansu shi ne ko dai kamfanin ya rufe shafin, ko 'yan sanda su yi amfani da sashe na 24 da na 26 na dokar laifuffukan intanet.